Kujerar Baffa da Hular da Aka Bari

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Baffa kuma ya riga mu tafiya. Wannan na karɓa hannu biyu, ba ni da ja da hukuncin Ubangiji. Da mutane nake ja, kuma ba zan ɓoye muku ba, da haushi na zauna rubuta wannan.

Baffa yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Ya cika a gidansa na Zurgu ana tsakiyar girbin gero, kafin azahar an kai shi makwancinsa. Jama'a kam ta zo. Motoci daga Rano, daga Kibiya, har daga Kano, sai da aka rasa inda za a ajiye su aka shiga gonar maƙwabci. Ni ina cikin gida wajen mata, ina miƙa ruwa, ina amsa gaisuwa. A nan na fara jin abin da ya hana ni kuka yadda nake so.

"Allah ya jiƙan Malam," in ji wata, sai ta rage murya, "amma fa..."

Wannan "amma fa" ita ta yi ta yawo a tsakar gidanmu kwana da kwanaki. An ce duk mai mulkin da ya shiga ɗakin Baffa sai an rufe ƙofa. An ce sai ya cire hularsa ya miƙa masa. An ce tsohuwar kujerar da ke ciki ba banza ba ce, wanda ya taɓa ta ba ya faɗuwa zaɓe. Wata da ba ta san ina bayanta ba ta ce, "Ai hular wani babba tana can rataye a ƙusa shekara da shekaru, da ita ake juya shi." Na dire mata kofin ruwa da ƙarfi har ya fantsama mata a zane, ban kuma ba ta haƙuri ba.

A waje ma haka. Yaya, babban ɗan Baffa, ya shigo idonsa ja wur ya gaya mana cewa wani matashin malami da aka ba addu'a ya ce, "Allah ya yafe masa abin da ya aikata a bayan rufaffiyar ƙofa," mutane suka ce amin. Kafin ya huce, wani mai neman kansila ya aiko a raɗa masa ko za a ara masa kujerar kafin zaɓe. Nan Yaya ya rantse cewa ranar addu'ar bakwai zai fito da kujerar da hular ƙofar gida, ya faskara, ya cinna musu wuta a gaban kowa, ko bakin mutane ya mutu.

Na ce, "Yaya, in ka ƙona su ka gama da shi. Ba a ƙona kayan mutumin kirki. Ranar da hayaƙin nan ya tashi, kai da kanka ka shaida wa duniya ubanka boka ne."

Ya ce, "To ke me za ki yi? Waɗanda suka san gaskiya ga su can a tabarmar gaba, sun yi gum."

Gaskiya ya faɗa. Suna nan zaune cikin manyan riguna, tsofaffin kansiloli, shugabannin ƙungiyoyi, masu unguwanni, duk wanda Baffa ya ɓata lokacinsa a kansa. Suna ji ana ɓata shi, babu wanda ya yi tari. Na daɗe ina tunanin dalili kafin na gane. Babban mutum a ƙasar nan ya gwammace a ce wajen boka ya je da a ce koya masa aka yi. In an ce asiri ya nema, sai a ji tsoronsa. In an ce darasi ya ɗauka, sai a ce ashe da bai iya ba.

To bari ni in faɗa muku abin da ake yi a ɗakin.

Baffa ya yi aikin sakatare a ƙaramar hukuma tun yana da baƙin gemu har ya yi ritaya. Ya zauna da kantomomin soja, ya zauna da zaɓaɓɓu, ya ga shigarsu da kiɗa ya ga fitarsu babu mai rakiya. Yakan ce bai taɓa ganin wanda rashin ilimi ya kayar ba. "Duk da takardunsu suke zuwa. Abin da ke cin su, daga ranar da suka hau kujera babu mai sake gaya musu yadda suke." Da ya bar aiki aka ba shi tsohuwar kujerar ofishinsa, ta katako, hannunta ɗaya ɗaure da waya. Ya kawo ta ɗakin da ke kusa da zaure, ya shimfiɗa tabarma a gabanta. Kayan tsubbun ke nan gaba ɗaya.

Da aka dawo mulkin siyasa, sai ga yaran jiya sun wayi gari shugabanni. Mai sayar da taki ya zama kansila, malamin firamare ya zama ciyaman. Wasu suka fara zuwa gaishe shi, suna neman shawara. Baffa kuwa ba ya ba da shawara. Sai ya tambaye ka wa ka gana da shi a makon nan abin bai yi daɗi ba. In ka ba shi labari, sai ya ce, "Kawo hular." Ya ɗora ta a kansa, ya hau kujera, kai kuma ka sauka tabarma. Shi ya zama kai, kai ka zama mutumin da ya zo gabanka. Daga nan sai ya kwaikwaye ka, kuma wallahi Baffa ya iya kwaikwayo. Zamanka, tarinka, yadda kake kallon agogo, kalmar da ba ka san kana maimaitawa ba, duk sai ya fito maka da su. In ya gama ya cire hular ya miƙo maka, ya yi tambayarsa guda: "Yaya ƙasa?" Wato yaya ka ji da kake zaune a tabarma.

In ka ce, "To Baffa, me zan yi?" sai ya ware ido ya ce, "Ni aka zaɓa?" Haka zai bar ka kana juyi a tabarma har ka lalubo amsarka da bakinka. Sannan ya ce ka dawo mako mai zuwa ka gaya masa ko ka aikata. Wanda ya dawo da dogon uzuri, Baffa ya ce, "Kawo hular," ya kwaikwayi uzurin ma.

Ƙofar da ake ta magana a kai kuwa, don mutuncin wanda ke ƙasa ake rufe ta. Wa zai yarda mutanen mazaɓarsa su gan shi a tabarma ana wasa da hularsa?

Ni na zauna a tabarmar nan, shi ya sa nake magana da ƙarfi. Shekarar da aka ba ni shugabancin wata makarantar firamare a wajen Nariya, malaman da ke ƙarƙashina duk maza ne, biyu daga ciki sun girme ni nesa. In na kira taro sai a zo a makare, in na faɗi magana sai a ce "to" a ci gaba da abin da ake yi. Na zo wa Baffa da kuka na ce raina ni ake don ni mace ce, zan rubuta a mayar da ni aji.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana, "ke ba ki da hula. Kawo gyalen."

Ku ga dattijo da farin gemu ya yafa gyale shuɗi, ya zauna a bakin kujera kamar wanda ya zo aro. Ya ja gefen gyalen ya rufe baki, ya sunkuyar da kai, ya ƙanƙance murya: "Don Allah ku yi haƙuri, ba wai ina ba ku umarni ba ne, in babu damuwa, ko da hali, dama cewa na yi ko za a riƙa zuwa da wuri, amma in ba hali ba komai."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Can kuma dariyar ta ɗauke, don na ji da kunnena cewa ni ma da aka gaya wa haka ba zan zo da wuri ba.

"Yaya ƙasa?"

Na ce, "Baffa, a ƙasa ban ji an ce in yi komai ba."

Bai ce mini in zama mai tsawa ba, bai kuma ce malaman ba su da laifi ba. Ya mayar mini da gyalena, ya sauka tabarma da kansa, da ciwon gwiwarsa da komai, ya ce in hau kujera in faɗa masa maganar. Na faɗa, ya ce bai ji ba. Na sake, ya ce haƙurin me nake ba shi, wani abu na yi masa? Muka yi ta yi har Inna, matarsa, ta ƙwanƙwasa ta ce tuwo zai huce. Ranar na koyi faɗin magana in kai ƙarshenta in yi shiru, ban bi ta da neman gafara ba. Wata da watanni ina zuwa. Ranar da na gaya masa ɗaya daga malaman nan da suka girme ni ya riga ni isowa makaranta, Baffa ya tashi ya kamo zakara da hannunsa ya ce a yanka wa uwarsa.

Shi ya sa nake cewa masu zaginsa ba su san shi ba. Ba ƙasƙantar da mutane yake yi ba. Mai girman kai ya sauke shi, mai tsoro ya ɗaga shi, kowa da abin da kujera ke ɓoye masa.

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a, Baffa na cikin masu murna, har Kano ya je aka yi taron da shi, ya dawo muryarsa a dishe. Amma ko a ranar sai da ya ce, "Alhamdu lillahi, doka ta zo. Saura wanda zai riƙe ta ya iya sauraron mai ƙara har ya gama." Ba a daɗe ba wasu samari masu wa'azi suka zo zaurensa, suka ce sun ji ana rufe ƙofa ana karɓar huluna, su dai a buɗe musu su gani. Ya sa aka kawo musu fura, ya buɗe ɗakin, suka ga kujera da tabarma. Suka ce to me ake yi da su? Ya ce, "Wanda yake son sani ya shigo shi kaɗai, ya kawo hularsa." Babu wanda ya shiga. Suka tafi da zarginsu.

Na yi masa faɗa ranar. Na ce Baffa, kalma biyu za ka faɗa ka wanke kanka. Ya ce, "In na faɗa, gobe duk wanda aka ga motarsa a ƙofar nan an san a ƙasa ya zauna. Ba zai sake zuwa ba, mutanensa ne za su sha wuya. Bar su su ce boka, Uwata. Ni na san inda nake sallah." Na ce ni ban yarda ba. Ya ce ai ba a tambaye ni ba. Taurin kai kam Baffa yana da shi, kada wanda ya ce muku waliyyi ne. In ya ga dama sai ya kwaikwayi mutum fiye da kima, ya manta cewa zuciya ce a ƙirjin na ƙasa. Akwai waɗanda suka fita ɗakin nan ba su sake waiwayarsa ba.

Maganar hular da ke ƙusa kuwa, ga abin da kowa ya gani. Wani ciyaman, ba zan faɗi na wace ƙaramar hukuma ba, ya zo da rana tsaka da motoci da 'yan rakiya. Aka rufe ƙofa. Ba a jima ba aka ji an banko ta, ya fito kai babu hula, fuska a murtuke, ya faɗa mota. Duk Zurgu ta gani. Ya daɗe ba ya gaisuwa, in an haɗu a ɗaurin aure sai ya kau da kai. Baffa ya rataye hular a ƙusa, bai aika masa ba, bai kuma taɓa gaya wa ko Inna abin da ya haɗa su ba. Daga baya an riƙa ganin mutumin yana zuwa shi kaɗai, babu jiniya, amma hular tana nan inda take. Daga nan labarin juya shi da hula ya samo asali.

Ranar bakwai ta zo. Da safe bayan an yi addu'a an raba gumba, na leƙa ta zaure na ga Yaya ya fito da kujerar, ya ɗora hular a kanta, gatari a hannunsa. Maza cike da ƙofar gida, tsohon ciyaman ɗin nan yana tabarmar gaba, ya tsufa, yana jan carbi. Inna tana takaba ba ta fita, amma ta kama hannuna ta ce, "Ina za ki? Wajen maza ne." Na ce, "Na sani, Inna." Na naɗe tabarmar ɗakin Baffa, na gyara gyalena, na fita.

Duk aka juyo ana kallona. Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi, Malama, koma ciki." Ba zan yi ƙarya ba, "don Allah ku yi haƙuri" ta zo mini har bakin leɓe. Na haɗiye ta. Na shimfiɗa tabarmar a gaban kujera, na zauna a kai, tsakanin gatarin Yaya da kujerar.

Na ce, "Salamu alaikum, iyayena da yayyena. Ni 'yar mamacin nan ce. Na ji abin da ake faɗa a kansa, a cikin gida da waje, har a cikin addu'a. Ƙarya ne. A kan tabarmar nan na zauna, ya karɓi gyalena, ya nuna mini yadda nake a idon waɗanda nake shugabanta, ya koya mini magana. Da muryar da ya ba ni nake muku magana yanzu. Babu laya a kujerar nan, babu rubutu, ku zo ku duba. Ba zan kira sunan kowa ba. Ya rufa muku asiri yana raye har aka kira shi boka saboda ku, ni ma ba zan tona ba. Amma yau ba ya nan, ba zai iya kare kansa ba, ku kuma kuna nan. Na gama."

Na yi shiru, ban ƙara ko kalma ba. Wasu suka sunkuyar da kai, wani ya ciro waya yana dubawa kamar an kira shi. Na ce a raina shi ke nan, na zubar da mutuncina a banza, za a ƙona.

Sai tsohon ciyaman ya dafa ƙasa ya miƙe. Ya tako a hankali, ya cire takalmi a bakin tabarma, ya ce, "Malama, matsa mini." Na matsa. Ya tattara babbar rigarsa ya zauna a ƙasa, yana fuskantar kujerar da babu kowa a kai.

Ya ce, "Hular nan tawa ce, kowa ya sani. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda aka yi. Wani Arɗo ya zo ofishina kan burtalin da manoma suka cinye, shanun Fulaninsa ba su da hanyar zuwa ruwa. Na sallame shi. Da na ba Malam labari ina taƙama, sai ya sa hulata, ya kara hannu a kunne kamar mai waya, ya bar ni a nan ina magana, yana cewa 'za a duba, za a duba,' ko kallona bai yi ba. Na ji kamar in shaƙe shi. Na fita ina cewa ya ci mutuncina. Sai da na kai gida na tuna minti kaɗan aka yi mini, Arɗo kuwa tafiyar yini ya yi ya zo na yi masa haka." Ya tsaya ya share fuska da hannun riga. "Na kira Arɗo da manoman, na zauna na ji kowa har ƙarshe. An buɗe burtalin, damina ta wuce ba a zubar da jini ba. Girman kai ya hana ni dawowa da wuri. Da na dawo ya nuna mini ƙusa, ni na ce a bar ta a nan, ina so duk zuwan da zan yi in gan ta. Kwana bakwai ina zaune ina ji ana zaginsa, sai da mace ta fito. Allah ya jiƙan malamina."

Daga baya wani tsohon kansila ya ce, "Ni ma na zauna." Wani mai unguwa ya ɗaga hannu shi ma. Ba duka ba, kada in yi musu ƙarin da ba su yi ba. Akwai waɗanda na sani sarai, suka ci gaba da kallon ƙasa har aka tashi, kuma har yau in mun haɗu su ne ke fara kau da kai. Matashin malamin nan ya nemi a sake ɗaga hannu, ya yi addu'ar da babu rufaffiyar ƙofa a cikinta. Yaya ya jingine gatarin a bango, ya juya baya yana kuka.

Na san har gobe akwai mai cewa "amma fa." To, ya yi ta faɗa. Na rubuta wannan don jikokin Baffa su samu abin amsawa, kuma don duk wanda aka ɗora a kan mutane, ko makaranta ce ko mazaɓa ko ƙungiyar manoma, ya nemi wanda zai karɓi hularsa ya nuna masa kansa, tun kafin ya sauka ya ji a bakin 'yan kasuwa. Ba abin kunya ba ne. Ni ban ji kunya ba, kuma a gaban maza na faɗa.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabari, ya rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa wa mutane a nan.

Da jama'a ta watse, Yaya ya ɗauki hular ya kakkaɓe ya miƙa wa mai ita. Dattijon yana zaune a tabarmar har lokacin, bai karɓa ba. Ya dubi kujerar, ya daɗe, kamar mai jiran a yi masa tambaya. Sannan ya ce, "Mayar da ita ƙusa. Wanda zai miƙo mini ita ya tafi."